Kati ya ce sai an yi masa fomat, dangin amarya kuma suna jiran bidiyonsu

Kaka ta yi, an sayar da amfanin gona, bukukuwa sun kankama a ƙauyuka. Shi ya sa saƙonnin da suka taru a wannan karon kusan duk na masu ɗaukar bidiyo ne. Na zaɓi biyar.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sana'ar ɗaukar bidiyon biki a wani ƙauye kusa da Ringim, da kyamarar Sony Handycam. Na ɗauki kamu da ɗaurin aure da kai amarya. Da na dawo na sa katin a kwamfuta sai ta ce sai an yi masa fomat kafin ya buɗe. Na mayar da shi kyamara, ita ma ta ce babu komai. Na riga na karɓi kuɗin mutane. Yaron shagona ya ce in yi fomat ɗin kawai, wai daga baya za su dawo. In yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka yi. Ka zare katin yanzu, ka duba gefensa na hagu, akwai wani ɗan makulli da ake turawa ƙasa wajen da aka rubuta Lock. Ka tura shi. Daga nan kada ka ƙara ɗaukar ko da hoto ɗaya a kansa har sai mun gama.

Ga dalili. Kati yana da ɓangare biyu: wurin da bidiyon kansa yake kwance, da kuma ɗan jadawalin da ke faɗin kowane fayil daga ina ya fara, a ina ya ƙare. Kamar mai sito ne a Dawanau da littafinsa ya jiƙe ya lalace; buhunan suna nan a jibge, abin da ya ɓace shi ne rubutun da ke nuna na wane ne a wane lungu. In kwamfuta ta ce a yi fomat, galibi jadawalin ne ta kasa karantawa. Yana lalacewa idan an zare kati kyamara tana cikin rubutu, ko batir ya mutu ana tsakiyar ɗauka, ko an fizge shi daga kwamfuta ba a sallame shi ba. Abin da ke kashe bidiyo har abada shi ne a rubuta sabon abu a kan wurin da yake. Yawancin asarar da ake kawo mini ba matsalar farko ce ta jawo ta ba, ƙoƙarin gyara cikin ruɗewa ne.

Ka fara da abu mai sauƙi: ka gwada wata na'urar karanta kati daban. Ƙananan nan masu araha suna yawan yin ƙarya, ƙurar hunturu kuma tana cika raminsu. Ka goge haƙoran katin da busasshen tsumma mai laushi. In saƙon bai canza ba, kada ka yarda da tayin da Windows ke yi na Scan and fix, kada kuma wani ya gudanar maka da chkdsk a kansa. Wannan gyaran rubutu yake yi a kan katin, kuma yakan daddatsa bidiyo ya zuba a wata folda mai suna FOUND.000, gutsi-gutsi.

Abin da za ka yi shi ne ka ɗauki kwafin katin gaba ɗaya, daga farkonsa har ƙarshe, ya zama fayil guda a kwamfuta. Manhajar Win32 Disk Imager kyauta ce, maɓallin Read ɗinta shi ke yin wannan. Ka lura sosai, Read ne, ba Write ba. Katin 32GB zai ci wurin 32GB, ko da rabinsa ne kawai aka cika. Bayan haka sai ka nemi PhotoRec, manhajar da za ta tono bidiyon daga wannan kwafin, ita ma kyauta ce, wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier ne ya rubuta ta, tana zuwa tare da TestDisk. A cikin foldar akwai QPhotoRec, mai maɓallan dannawa, ta fi sauƙi ga wanda bai saba da baƙin allo ba. Ita ba ruwanta da jadawali, bin katin take yi tana neman alamar farkon kowane bidiyo. Za ta tambaye ka inda za ta zuba abin da ta samo. Ka nuna mata rumbun kwamfuta ko wani na waje, ba katin ba. Aikin yakan ɗauki sa'o'i, don haka ka tanadi man janareta tun kafin ka fara. Sunayen fayilolin za su canza su koma lambobi, sai ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya da manhajar kallon bidiyo ta VLC ka jera da kanka.

Nasara ta dogara da yadda ka riƙe katin a baya. Wanda yake yi wa kati fomat a cikin kyamara kafin kowane aiki, bidiyonsa a jere yake kwanciya, yakan dawo cikakke. Wanda yake goge wannan ya bar wancan na tsawon watanni, sabon ɗauka yakan warwatsu a guraben da aka bari, sai ka ga an dawo da fayil amma tsakiyarsa bikin wata uku da suka wuce ne.

In kwamfuta ba ta ma ganin katin, ko yana ɗaukar zafi da an sa shi, ko tana nuna girman da ba nasa ba, to ya fi ƙarfin manhaja. Akwai masu gyara a Kano, a Farm Centre da titin Beirut, sai dai ka faɗa musu da bakinka cewa ba fomat ka zo yi ba. Kuma ka tsaya a yi a gabanka. Bidiyon kamu na matan mutane ne, cikin gida aka shigar da kai bisa amana, bai kamata ya kwana a kwamfutar wanda ba ka sani ba.

Tambaya: Malam, daga Dambatta nake. Na kai katina wani shagon kwamfuta an ɗora mini waƙoƙi. Yanzu foldar bidiyon ta ɓace, sai wasu gumaka masu 'yar kibiya, amma katin yana nuna a cike yake.

Amsa: Ka kwantar da hankalinka, naka mai sauƙi ne. Bairos ɗin nan ne da ke yawo a shagunan ɗora waƙa; ɓoye folda yake yi ya ajiye na bogi a madadinta. Kada ka danna masu kibiyar, dannawar ce ke shigar da shi kwamfutarka. Ka duba harafin da kwamfuta ta ba katin, mu ce E ne. Ka buɗe Command Prompt ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* ka danna Enter. Foldar za ta fito. Ka kwashe ta, ka tace ta da riga-kafin bairos, sannan ka yi wa katin fomat a cikin kyamara. Katin aiki kuma ba na ɗora waƙa ba ne.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni malamar Islamiyya ce a yankin Gaya. Ƙanena ya ɗauki mana walimar saukar Alƙur'ani ta ɗalibai. Da ya kawo, sai muka ga bidiyon ya rabu gida-gida alhali bai tsayar da kyamara ba, na ƙarshen kuma ba ya buɗewa, ya ce batir ne ya ɗauke. Iyayen yara suna ta tambaya.

Amsa: Malama, Allah ya sa albarka a karatun. Rabuwar ba lalacewa ba ce. Katin da bai wuce 32GB ba yana zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai 4GB, don haka kyamara ke yanka dogon ɗauka. Kyamarori masu tsarin AVCHD, wanda Sony da Panasonic suka fito da shi a 2006, suna ajiye gutsattsarin a cikin foldar PRIVATE, sai AVCHD, sai BDMV, sai STREAM, sunayensu suna ƙarewa da MTS. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a shiga STREAM a tsinto MTS kaɗai. Sauran ƙananan fayilolin da ake rainawa su ne ke gaya wa manhajar editin yadda za ta ɗinke gutsattsarin ba tare da sauti ya yanke a mahaɗa ba. A karatun Alƙur'ani kuwa yankewar kalma ɗaya ma ana jin ta. Ki ce masa ya kwafi foldar PRIVATE ɗungurungum.

Na ƙarshen ya danganta da irinsa. In MTS ne, ya gwada VLC, sau da yawa yana buɗewa har zuwa inda wuta ta ɗauke. In MP4 ne ko MOV, kyamara ba ta rubuta bayanin da ake buɗe fayil da shi sai lokacin da aka danna tsayawa, batir kuma bai ba ta dama ba. Akwai wata manhaja kyauta mai suna untrunc da ke sake gina wannan bayanin. Tana buƙatar lafiyayyen bidiyo daga kyamarar nan, da saiti iri ɗaya, ta yi koyi da shi. Ɗaya daga cikin gutsattsarin farko ya isa. A kan kwafi za a yi, ba a kan kati ba.

Akwai abu ɗaya da nake fatan ba shi ba ne. In fayilolin farko lafiya lau ne, amma daga wani wuri duk na bayansa sun ƙi buɗewa, a tuhumi katin. Akwai jabun kati da ake rubuta wa 64GB ko 128GB alhali cikinsa bai wuce 8GB ba. Kyamarar AVCHD a saitin 17Mbps tana cin kusan 8GB a sa'a guda, ke nan bayan sa'a ɗaya duk abin da aka ɗauka ba shi da wurin zama. Irin wannan babu manhajar da za ta dawo da shi, sai dai a bi iyayen da suka ɗauka da waya a tattara. Duk sabon kati a gwada shi da H2testw kafin a fita da shi aiki. Tana cika shi da bayanai ta karanta, ta faɗi ainihin girmansa.

Tambaya: Oga, ina editin a Birnin Kudu da Premiere Pro a laftof Core i5 mai RAM 8GB, ta hannu na saya. Kullum sai ta rufe kanta, musamman wajen renda. Wani lokaci kwamfutar ce gaba ɗaya ke mutuwa. Jiya aikin yini guda ya tafi.

Amsa: Aikin jiya tukuna. Ka duba kusa da inda ka ajiye furojet ɗin, akwai folda mai suna Adobe Premiere Pro Auto-Save. Ka jera abin da ke ciki bisa lokaci, ka buɗe na ƙarshe, ka adana shi da sabon suna. Sannan ka shiga Preferences ka sa ta riƙa adanawa kowane minti 5. Masu editin da manhajar Vegas su nemi fayil mai ƙarewa da veg.bak su cire bak ɗin.

Ciwo biyu ka haɗa a tambaya ɗaya. Kwamfutar da ke mutuwa gaba ɗaya ba laifin Premiere ba ne, zafi ne ko wuta. Renda, wato fitar da aikin da aka gama ya zama bidiyo guda, na sa injin aiki iya ƙarfinsa, ga fanka ta toshe da ƙura, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a shagon kwano, sai ta kashe kanta don kada ta ƙone. A buɗe ta a hure ƙurar, a canza man da ke tsakanin firosesa da abin sanyaya shi, ka ɗaga ta daga kan katifa ko darduma, ka bar renda sai dare. In batirinta ya mutu kana aiki kai tsaye da ƙaramin janareta, da an jona dutsen guga a maƙwabta za ta ɗauke. Sabon batir ya fi maka sabuwar manhaja amfani.

Manhajar da ke rufewa ita kaɗai kuwa, ka lura da inda take rufewa. In kullum a wuri ɗaya ne, mu ce kashi 70 cikin 100, akwai gurɓataccen yanki ko wani ado a daidai nan. Ka ƙiyasta wurin a layin aikin, ka cire abin da kake zargi, ka gwada. Wanda na fi zargi shi ne bidiyon waya da 'yan biki ke turo maka ta WhatsApp a haɗa musu. Waya ba ta riƙe adadin hotuna a daƙiƙa daidai, tana hawa tana sauka, kuma sababbi da yawa suna ɗauka da tsarin matse bidiyo na HEVC, wanda ke wahalar da tsohuwar kwamfuta. Ka bi da su ta manhajar sauya tsarin bidiyo ta HandBrake, ka zaɓi H.264 da Constant Framerate, kafin ka shigar da su. Wannan yana kuma maganin bakin da ke motsi sauti na biyo baya.

In rufewar ba ta da ƙa'ida, ka shiga Project Settings ka mayar da Renderer zuwa Software Only, in Premiere ɗinka tana da wannan zaɓin. Za ta yi nawa, amma in ta daina rufewa ka gane direban katin hoto ne, sai ka sabunta shi. Ka share Media Cache, ka bar wa rumbun C sarari. RAM 8GB shi ne mafi ƙarancin abin da Adobe ta gindaya, 16GB take ba da shawara ga bidiyon HD, don haka rufe Chrome lokacin aiki, in kuma laftof ɗin na karɓar ƙari ka ƙara. In an kawo maka 4K, ka yi masa furoksi, wato ƙananan kwafi da za ka yi yanka da su, manhaja ta koma kan na asali wajen renda.

Ban tambaye ka inda ka samo Premiere ɗin ba, amma na san yadda ake ɗora ta a kasuwa, da tarin ado na sata a cusa. In duk abin da na lissafa bai yi ba, can matsalar take. Shotcut da Kdenlive kyauta ne na halal, kuma sun isa aikin biki. DaVinci Resolve ma tana da ta kyauta, sai dai laftof ɗinka ba zai ɗauke ta da daɗi ba.

Tambaya: Daga Kazaure. Na gama jera aikina, wuri ya ƙare mini, sai na goge bidiyon da na kwafo tunda sun riga sun shiga furojet. Yanzu allon ya yi ja, an rubuta Media Offline.

Amsa: Ba su shiga ba, ɗan'uwa. Furojet ba ya ɗauke da bidiyo, adireshinsu kawai yake riƙewa da wuraren da ka yanka, shi ya sa bai fi 'yan megabait ba. Duba Recycle Bin. In babu, kuma ba ka yi wa katin kyamara fomat ba, sake kwafo su da sunayensu na asali, ka danna Link Media ka nuna mata fayil ɗaya, za ta nemo sauran, yankanka duka yana nan. In a rumbun waje suke kuma ba ka goge komai ba, harafinsa ne ya canza daga E zuwa F, gyaran ɗaya ne. In kuwa daga rumbun zamani mai sauri da ake kira SSD ka goge su har ka zubar da kwandon, kada ka sa rai sosai, domin SSD na share gurbin da kanta jim kaɗan bayan gogewa. Koma kan katin da PhotoRec, kamar yadda na faɗa wa mutumin Ringim.