Ku Tambayi Anti: Wai likitan tajmil likita ne na gaske?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan makon duk a kan abu ɗaya suka taru, wato tiyatar gyaran jiki da mu nan Saudiyya muke ce wa tajmil, na ɗauki uku daga ciki.

Tambaya: Salam Anti. Ni uwa ce, ina zaune a Makka wajen Shari'u Mansur. Ɗana yana shekarar ƙarshe a karatun likita, a Khartum ya fara, da yaƙi ya ɓarke a 2023 muka mai da shi Masar. Yanzu ya ce shi idan ya gama tajmil zai karanta, babansa kuwa ya hau sama, wai duk wahalar da aka sha a kan gyaran hancin mata da zuƙe kitse za ta ƙare. Wallahi gidan ba daɗi. Dan Allah aikin nan likitanci ne na gaske, shekara nawa ake yi, kuma ya halatta? Ummu Abdurrahman, Makka.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana shi. Ki kwantar da hankalinki, likitanci ne na gaske, yana ma cikin fannonin tiyata masu wahalar shiga. Abin da Alhaji yake gani a Snapchat da allunan talla na Shari'u Tahliya ɓangare ɗaya ne kawai, kuma ba shi ne tushen aikin ba. Ni a ɓangaren masu ƙuna nake aikin jinya, kuma likitan da nake gani kullum a kan gadon yaron da ruwan shayi ya kwarare masa a ƙirji, ko uwar da tukunyar gas ta tashi da ita, shi ne dai wannan likitan tajmil ɗin. Shi zai yanko fata siririya daga cinya ya shimfiɗa a inda ta ƙone, shi zai saki wuya ko yatsun da tabo ya ɗaure har mutum baya iya miƙewa. Jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe shi ke ɗinke shi tun yana 'yan watanni, daga baya ya rufe tsagar ganɗa don yaro ya iya sha ya iya magana. Matar da aka cire wa nono saboda kansa shi ke sake gina mata. Leburan da inji ya datse wa yatsa, idan an zo da wuri, shi zai zauna awanni yana leƙen madubin ƙara girma yana haɗa jijiyar jini da faɗinta bai wuce milimita 1 ko 2 ba, da zaren da ya fi gashin kai siranta, kuma idan jinin bai bi ba cikin dare za'a taso shi ya sake buɗewa.

Asalin fannin ma daga raunuka ya taso. A yaƙin duniya na farko sojoji suka riƙa dawowa harsashi ya ɗebe musu muƙamuƙi ko hanci, wani likita ɗan New Zealand mai suna Harold Gillies ya tsaya aka buɗe asibiti a Sidcup ta Ingila a 1917 don gyaran fuskokinsu, daga nan aikin na zamani ya kafu. Ki kawo abin gida kuma: a Sakkwato akwai asibitin cutar noma tun 1999, ciwon nan da ke cinye baki da kumatun yara masu tamowa, waɗanda suka rayu irin waɗannan likitocin ne ke sake musu fuska. Tagwayen Kano da aka haifa manne da juna aka raba su a Riyad a farkon 2024, a cikin tawagar akwai likitocin wannan fanni, don bayan an raba sai an samu fatar da za'a rufe kowace da ita.

Batun shekaru, a tsarin nan shekara 6 ne a jami'a, sai shekarar imtiyaz, wato ta koyon aiki a asibiti, sai jarabawar lasisi ta Hai'atut Takhassusat, hukumar da ke rajistar ma'aikatan lafiya, sannan a yi takarar kujerar bord ɗin tajmil, wato horon ƙwarewa, wanda shi ma shekara 6 ne, kin ga 13 kenan, kuma ko a nan ba'a ce masa istishari, wato babban ƙwararren likita, ba sai ya ƙara shekarun aiki, da yawa ma sukan ƙara fita waje su ƙware a abu ɗaya, hannu ko ƙuna ko fuska. Kujerun kaɗan ne kuma 'yan ƙasa ake fara ba, to idan iƙama, takardar zaman baƙo, yake riƙe da ita ya fara duba wasu ƙofofin tun yanzu, Masar inda yake, ko Najeriya ta hanyar kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma, ana horarwa a wurare irin su asibitin ƙashi na Inugu da na Igbobi a Legas.

Halacci kuwa ni ba malama ba ce, amma abin da malamai ke kafa hujja da shi sananne ne, hadisin sahabi Arfaja ɗan As'ad da aka yanke wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Majalisar fiƙihu ta duniya mai hedkwata a Jidda ta zauna kan wannan a Malesiya a 2007, ta halatta gyaran nakasar haihuwa da ta ƙuna da haɗari da ciwo, ta hana canja halittar da take lafiya lau don son rai ko kwaikwayon wasu.

Amma fa Hajiya kada a ce Alhaji bai da gaskiya ko kaɗan. Kuɗin yana wajen iyadodi, wato ƙananan asibitoci masu zaman kansu, kuma na ga yara masu hannu da suka bar masu ƙuna suka tafi can gaba ɗaya, abin yana min ciwo sosai. Ku zaunar da shi, ba da faɗa ba, ku tambaye shi me ya gani a fannin da ya ja shi. Idan ya fara ba ku labarin wani mara lafiya da ya gani a asibiti, ku sa masa albarka.

Tambaya: Anti haihuwata huɗu, biyu da tiyata, cikina ya saki ya zubo duk atisayen da nake baya komawa, har kunyar maigida nake. Na ga tallar wata iyada ana rangwame, shaft (zuƙe kitse) da shaddul baɗan (ɗaure ciki) har da zuba kitsen a baya duk a rana ɗaya, ƙawata kuma ta ce mu tafi Turkiyya ya fi araha. Ya zan gane likitan kirki? Maman Hanan, Jidda.

Amsa: Ƙanwata na ji ki, kuma ba ke kaɗai ba ce. Abin da yasa atisaye baya yi miki, ciki bayan ciki yana buɗa tsokokin nan biyu na gaban ciki su rabu a tsakiya, fata kuma ta miƙe ta ƙi komawa, to wannan zuƙe kitse baya gyara shi, zai ma iya ƙara sakin fatar. Shaddul baɗan shi ne a yanke rarar fatar a ɗinke tsokokin a sake wa cibiya wuri, babbar tiyata ce da banju, wato maganin sa barci, za ta bar miki tabo daga wannan ƙugu zuwa wancan, kuma za ki yi makonni ba ɗaukar yaro ba ɗaukar kaya. In kina da niyyar ƙara haihuwa ki jira, wani cikin zai iya warware aikin. Ki kuma bari a duba ko akwai ƙabar cibiya, tana yawan zuwa tare.

Yanzu batun likita. Kafin komai ki karɓi cikakken sunansa ki shiga shafin Hai'a ki duba, rajistarsa tana raye, kuma a wane fanni aka rubuta shi, don akwai likitan fata ko likitan gama-gari da ya yi kwas na 'yan kwanaki yana kiran kansa ƙwararren tajmil. Kina son ki ga an rubuta jarahat tajmil, wato tiyatar tajmil, kuma istishari. Ki tambaya a ina za'a yi aikin, asibiti ne mai ɗakin kulawa ta musamman ko ɗaki ne a saman bene, wa zai ba da banju, kuma idan ciwon ya buɗe ko ya yi ruwa bayan sati biyu wa zaki kira. Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce matsalata da tafiya waje, ba wai babu gwanaye a Turkiyya ko Masar ba, akwai, amma an yi miki aiki kin hau jirgi da ɗanyen ciwo ga haɗarin daskarewar jini a ƙafa wanda ke iya tafiya huhu, kin dawo Jidda wanda ya yanka ki yana wata ƙasa sai dai WhatsApp.

Likitan kirki zai tambaye ki sukari da hawan jini da ƙarancin jini, zai tambaye ki shisha ko sigari ba tare da kunya ba don hayaƙi yana hana ciwo warkewa, zai gaya miki abin da zai iya lalacewa kafin ki tambaya, kuma yana iya ce miki a'a, je ki rage nauyi tukun. Wanda ya ce komai zai yiwu yau ki biya kafin rangwamen ya ƙare, ki ɗauki jakarki ki fita. In kin ga abin da bai kamata ba a wata iyada akwai layin ma'aikatar lafiya 937.

Zuba kitse a baya kuwa dan girman Allah ki bar shi. Yana cikin ayyukan kwalliya mafi haɗari, idan allurar ta shiga cikin tsoka kitsen na iya faɗawa babbar jijiya ya toshe huhu, mace ta mutu a kan gadon tiyata, mata masu ƙananan yara irinki sun tafi ta haka. Kuma shi ba gyaran abin da haihuwa ta ɓata ba ne, ki kai wa malamin da kika yarda da shi maganar cikin daban, wannan daban.

Tambaya: Anti na ƙara huda a saman kunne, yanzu wani ƙullutu ya fito yana ta girma yana ƙaiƙayi, aurena saura wata biyar. In je a yanke min? Wata 'yarki daga Madina.

Amsa: 'Yata wannan ya yi kama da tabon da likitoci ke ce wa kiloid, ya fi kama masu baƙar fata irinmu kuma yana bin dangi. Kar ki ɗaure shi da zare, kar ki bari wanzami ko mai salun ya taɓa shi, yankewa kawai ba tare da wani magani ba sau da yawa dawowa yake ya fi na da girma. Likitan tajmil ko na fata yakan fara da allurar kotizon a cikin tabon duk bayan 'yan makonni, in ya zama dole a yanke sai a haɗa da allurar da ɗan kunne mai matsewa, wani lokaci har da hasken radiyeshin. Abin yana cin watanni, to wata biyar ba yawa gare shi ba, ki nemi mau'idi, wato ranar ganin likita, a satin nan, kuma ki gaya wa ƙannenki kar su ƙara huda.