Likita, saura wata uku a tantance mu, daga ina zan fara gudu?

Duk lokacin da aka buɗe ɗaukar sababbin sojoji, saƙonnin da ke iso mini sai su koma kusan iri ɗaya. Ba abin mamaki ba ne a Kaduna, inda makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA take tun 1964, ga Runduna ta Ɗaya ta sojan ƙasa, ga barikin Jaji, ga Daffo, wato cibiyar horar da kuratan soja, can Zariya. Wanda ya bi ta Dandalin Murtala bayan sallar asuba ya san yawan samarin da ke shiri. Ga huɗu daga cikin tambayoyin.

Tambaya: Likita, shekarata 20, tela ne ni a Rigasa, wuni nake a kan keke. An ce mini akwai gudun kilomita 3.2, saura wata uku. Na gwada, ko minti biyar ban yi ba haki ya tsayar da ni.

Amsa: Ƙanena, wata uku ya isa, matuƙar ba ka nemi cinye shi a mako guda ba. Zuciya da huhu suna sabawa da gudu cikin 'yan makonni, amma ƙashi da jijiya sai sun ɗauki watanni. Nan ne samari ke faɗawa: numfashi ya fara daɗi, sai su ninka gudu, ƙafa kuwa ba ta shirya ba.

Fara da kwana uku a mako, kana tsallake kwana ɗaya a tsakani. Yi sassarfa minti ɗaya, ka yi tafiya minti biyu, ka maimaita sau takwas. Idan ba za ka iya yi wa abokin gudunka magana ba saboda haki, to ka yi sauri da yawa. Kowane mako ka tsawaita sassarfar kaɗan, ka rage tafiyar, har wajen mako na takwas ka iya minti 20 zuwa 25 ba tsayawa. Sai a lokacin za ka nemi sauri. Zagaye ɗaya na layin gudu a filin wasa irin na Ahmadu Bello mita 400 ne, ke nan zagaye takwas shi ne kilomita 3.2 ɗinka. Rana ɗaya a mako ka yi zagaye ɗaya da ƙarfi, ka taka minti biyu, ka sake, sau huɗu zuwa shida. Ranakun da ba gudu, ka dafa ƙasa da hannu kana ɗaga jiki kana saukewa. In ya gagara, fara da gwiwa a ƙasa, ba abin kunya ba ne. Makon ƙarshe ka rage komai zuwa rabi don ka je da ƙafa mai hutu. Abinci kuwa ba sai na gwangwani ba: wake, ƙwai, gyaɗa, fura da nono da tuwonka sun wadatar.

Tambaya: Daga Kawo nake. Kullum ina gudu a kan kwalta, yanzu ƙwaurina na ciwo. Wani aboki ya ba ni tiramol, ya ce da shi ake jurewa.

Amsa: Don Allah ka yar da ƙwayar nan. Tiramol ba ya warkar da komai, rufe bakin ciwon kawai yake yi ka ci gaba da ɓarna. Yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi, kuma ana iya gano shi a gwajin fitsari.

Ka shafa ƙashin ƙwaurin da yatsa. Idan zafin ya bazu a tsawon gefen ƙashin, yana kuma lafawa in ka huta, gajiyar nama da fatar ƙashi ce: dakata da gudu mako ɗaya ko biyu, ka hau keke a madadinsa, ka koma ƙasa mai laushi da kambas mai kaurin tafi. Idan kuwa wuri ɗaya ne tak da za ka iya ɗora yatsa a kai, yana damunka ko tafiya kake ko kana kwance, ƙila ƙashin ya fara tsagewa. Wannan na asibiti ne, kuma yakan ci mako shida zuwa takwas ba gudu.

Tambaya: Ni uwa ce daga Tudun Wada. Ɗana AS ne. Jiya ya yi atisaye da rana tsaka, ya sa leda a cikin riga wai don ya rage ƙiba. Yau cinyoyinsa sun yi tsami sosai, fitsarinsa ya koma kamar shayi ba madara.

Amsa: Hajiya, ku kai shi asibiti yau ɗin nan, kada a jira gobe. Idan aka wahalar da tsoka fiye da ƙima, musamman cikin zafi da ƙishi, sai ta farfashe ta zubar da wani sinadari cikin jini wanda ke toshe ƙoda. Shi ne ke rina fitsarin. In an zo da wuri, ƙarin ruwa ta jijiya yakan tsare ƙodar. Kafin ku isa ya riƙa shan ruwa, kuma kada a ba shi maganin ciwo irin diclofenac ko ibuprofen, suna ƙara wa ƙoda nauyi.

Mai AS, wato wanda ya gaji ƙwayar sikila daga ɗaya cikin iyayensa kawai, ba mai ciwon sikila ba ne, kuma da yawansu suna wasanni lafiya lau. Sai dai haɗarin wannan matsala da na yanke jiki a faɗi ya fi yawa a gare su idan gudu mai tsanani ya haɗu da zafi, ƙarancin ruwa ko zazzaɓi. Ledar nan ita ta fi ɓata mini rai, domin ruwa take fitarwa ba kitse ba. In ya warke likita ya sallame shi, atisayensa ya zama da sanyin safiya, balle a bazarar Maris da Afrilu. Ranar da yake jin zazzaɓin cizon sauro babu gudu. Ranar tantancewa kuma ya faɗa wa likitocin soja gaskiyar jininsa.

Tambaya: Budurwa ce ni daga Barnawa, shekarata 21. Akwai maganin ƙara tsawo? Kaɗan ya rage in kai yadda ake so.

Amsa: Ƙanwata, babu. A shekarunki ƙasusuwa sun daina tsawo, masu tallar magani kuɗinki kawai za su ci. Je ki asibiti a auna ki ba takalmi, da safe, ki gwada da abin da sanarwar bana ta rubuta, don awon gida yakan yi kuskure. Tunda kin je, a duba hawan jini da yawan jininki, domin ƙarancin jini na cikin abubuwan da ke sa 'yan mata saurin haki, kuma ana gyara shi da ƙwayar ƙarin jini cikin wata biyu zuwa uku.