Tambaya da Amsa: Tsatsa a Ƙasan Ƙofar Mota

Tambaya: Assalamu alaikum. Bara na sayi mota 'yar Kwatano. Bayan damina sai na ga fenti ya kumbura a ƙasan ƙofar baya, da na ɓanɓare sai ga tsatsa. Fanel bita ya ce a shafa fila, wato kwaɓin cike lotsawar jikin mota, a fesa fenti kawai. Hakan ya wadatar? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yarda a ɗora fila a kan tsatsa. Fila tana shan danshi, tsatsar kuwa ci gaba za ta yi da ci a ƙarƙashinta, damina na zagayowa kumburin ya dawo, har ya fi na da faɗi.

A fara danna wurin da bakin sukudireba. Idan ya huje, ƙarfen ya mutu, sai a yanke shi a yi waldar sabon ƙarfe. Idan da ƙwarinsa, a kankare da burushin ƙarfe, a bi da sanfefa mai lamba 80 har ƙarfen ya yi fari tas. A ƙetare iyakar tsatsar da kamar faɗin yatsu biyu, domin tana rarrafawa a ƙarƙashin fentin da ido ke ganin lafiyarsa ƙalau. 'Yan ramukan da sanfefa ba ta kai ba, a shafa musu maganin tsatsa mai sinadarin fosforik, za ka ga wurin ya rikiɗe ya yi baƙi. Idan ya bushe, a share ƙura da maiƙo, a fesa firaima (fentin share fage) mai sinadarin ifoksi shafi biyu, kuma a wannan ranar. Ƙarfen da ya kwana tsirara, raɓa kaɗai ta ishe shi ya wayi gari da ja-ja. Sai fila 'yar kaɗan, a goge ta da sanfefa mai lamba 180, sannan 320, a sake firaima, a fesa fenti.

Amma daga ina ruwan ya shigo? Ƙasan kowace ƙofa akwai 'yan ƙofofin da ruwan da ya bi gilashi yake fita. Laka ke toshe su, ruwa ya kwanta a ciki, ƙofar ta ruɓe daga ciki. Ka zura waya ka buɗe su. Motar da ta fito daga Kanada ko arewacin Amurka, inda ake zuba gishiri a titi lokacin dusar ƙanƙara, a hau da ita kan rami a duba ƙarƙashinta, musamman bututun man birki. Wannan idan ya ruɓe, maganar rai ce.

Tambaya: Fesa baƙin mai a ƙarƙashin mota yana hana tsatsa? Daga wani direba a Maraɗi.

Amsa: Yana korar ruwa na ɗan lokaci, amma yana lalata robobin ƙafa, ga tara ƙura. Gara ka wanke lakar da ruwa mai ƙarfi, motar ta bushe sarai, sannan a fesa maganin kakin da aka yi don wannan aiki, ana kauce wa birki da salansa.