Na tura wa Yaya kwandon sayayya, ta tarar da shi wayam

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a Jidda. Na zaɓa wa 'ya'yan yayata da ke Makka kayan Sallah guda tara a wani kantin intanet, na zuba a kwando. Ita za ta biya, amma ba ta da asusu a kantin, kuma ta ce ba za ta buɗe ba. Na kwafi adireshin shafin kwandon na tura mata ta WhatsApp, ta buɗe ba ta ga komai ba. Ina kuskuren yake?
Mai karatu daga Jidda

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Wayar Yaya lafiyarta lau. Adireshin shafin kwando ɗaya ne ga kowa da kowa. Kayan da ke ciki kuwa suna ɗaure ne da asusunki, ko da ɗan bayanin da burauza ke ajiyewa a wayarki idan ba ki shiga asusu ba. Duk wanda ya buɗe adireshin, nasa kwandon zai gani, ita kuma ba ta zuba komai a nata ba.

In gani kawai take so ta yi, da sauƙi. Wasu manhajoji, irin su SHEIN, suna da maɓallin tura kwando, ki duba saman shafin. A Amazon.sa kuwa, ki mayar da kayan cikin jerin abubuwan da kike so, sannan ki tura mata adireshin jerin a matsayin na kallo kaɗai. Inda babu ko ɗaya, ki ɗauki hoton fuskar wayarki yadda farashi, kala, lambar girma da adadi za su fito, ki haɗa da adireshin kowane kaya ɗai-ɗai. Kada ki raina hoton nan: adireshin kaya yakan buɗe a kan wata kala ko wani girma daban, a zaɓi rigar ɗan shekara 6 a ga ta ɗan shekara 2.

Biyan kuɗi shi ne inda gizo ke saƙa, domin manyan kantunan nan sai da asusu ake kammala oda. Shawararmu, ke ki yi odar daga asusunki, ki sa adireshin Yaya da lambar wayarta, ki zaɓi biya a lokacin karɓar kaya. Mandub, wato mai kawo kaya, zai kira ta, ta biya hannu da hannu. Ki nemi gajeren adireshin gidanta da hukumar gidan waya ta Saudiyya ke bayarwa, mai haruffa 4 da lambobi 4. Kwatancen "bayan masallaci" shi ke sa kaya yawo a unguwa. Sai dai akan ƙara ɗan kuɗi a kan tsarin biya a lokacin karɓar kaya, kuma ba kowane kaya ake yarda a biya haka ba. In bai yiwu ba, ta turo miki riyal ɗin ta banki, ki biya da katinki na mada, wato katin bankin Saudiyya.

Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne ki ba ta kalmar sirrinki, ko ta turo miki hoton katinta da lambar tabbatarwa da banki ke aikowa. Ba don rashin yarda ba, saƙon yana zama a waya, yara kuma na ɗauka.

Kafin ki faɗa mata jimilla, ki je har shafin ƙarshe na biya, inda kuɗin kawowa da harajin VAT na kashi 15 cikin 100 suke bayyana. Ku kuma yanke shawara a ranar, don zuba kaya a kwando bai hana wani saye ba, ga shi gab da Sallah lambobin yara ke fara ƙarewa. Idan an mayar da kayan da aka biya a hannu, sau da yawa cikin asusunki na kantin kuɗin suke komawa, ba hannun Yaya ba. Ki gaya mata wannan tun kafin mandub ya ƙwanƙwasa ƙofa.