Ku Tambayi Malamin Lissafi: Ina Layi Yake Yanke Da'ira?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a lise a Tahoua. An ba mu da'ira x² + y² = 25 da miƙaƙƙen layi y = x + 1, wai mu gano mahaɗarsu ba tare da zane ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Ƴata, ɗauka akuya ce ɗaure a turke da igiya mita 5, ga hanya ta ratsa inda take kiwo. Mashiga da mafita ake nema.

Tunda layin ya faɗa miki y daidai yake da x + 1, cire y daga lissafin da'irar ki sa wannan a gurbinsa: x² + (x + 1)² = 25. Nan ne yara suke zamewa. (x + 1)² ba x² + 1 ba ne, x² + 2x + 1 ne. Duk wanda ya manta 2x ɗin nan, aikinsa ya rushe tun daga tushe. Ki tattara, ki raba da 2, sai ki samu x² + x − 12 = 0. Delta, wato b² − 4ac na lissafin ax² + bx + c = 0, a nan 49 ce, saiwarta 7, don haka x = (−1 ± 7) ÷ 2, wato 3 ne ko −4.

Kada ki tsaya nan, maki na zubewa. Mayar da kowanne cikin layin: (3, 4) da (−4, −3).

Delta kan ba da labari tun da wuri. In ta haura sifili, mahaɗa biyu. In sifili ce, layin ya shafi da'irar a wuri guda, kamar y = 5. In ta gaza sifili, ba su haɗu ba; gwada y = 6 ki gani.