Amsa Ga Ɗalibar Jinya Kan Sauya Safar Hannu A Ɗakin Wankin Ƙoda

'Yata, kin tambaye ni dalilin da ya sa nake matsa muku ku cire safar hannu, ku tsaftace hannu, kafin ku bar gadon majinyaci zuwa na kusa da shi, alhali babu alamar jini a safar, kuma ba arha gare ta ba.

A ɗakin wankin ƙoda jinin mutum yana fita daga jikinsa, ya zaga cikin bututu na kimanin awa 4, ga kuma wasu a jere ana yi musu haka a lokaci guda. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana rayuwa a busasshen jini har kwana 7 ko fiye, ko da ɗigon ya yi ƙanƙantar da ido ba ya ganinsa. Ki lura da abin da yakan faru idan inji ya yi ƙara: kin gama gyara allurar wani, sai ki miƙa hannu ki danna maɓallin injin maƙwabcinsa don ƙarar ta tsaya. Safar ta kare fatarki, amma ta kwashi abin da ke jikin wancan ta ajiye a maɓallin da kowa zai taɓa. Daƙiƙa 20 zuwa 30 na goge hannu da sinadari mai alkohol sun wadatar, sai idan hannun ya ɓaci, to ruwa da sabulu ne, daƙiƙa 40 zuwa 60.

Saboda wannan dalilin ne ba a haɗa magani a bakin gado, ba a tura keken magani daga majinyaci zuwa majinyaci, ba a kuma sa filasta a aljihu, ɗabi'ar da a ganina ta fi kowacce wuyar bari. Mai nau'in B yana da ɗakinsa da injinsa, kuma wadda ke kula da shi ba ta haɗa kula da shi da marasa garkuwa daga cutar a wannan zaman. Nau'in C kuwa ba shi da rigakafi, tsafta kaɗai ce kariyarsa.

Inda na fi so ki natsu shi ne robar wuya, wato bututun da ake zurawa cikin jijiyar majinyaci don a jona shi da inji. A nan Gombe da yawa ba sa zuwa sai ciwo ya ci jiki, don haka da roba a wuya ko a cinya ake fara musu wanki, kuma ta fi jijiyar da aka haɗa a hannu saurin shigar da ƙwayar cuta cikin jini. Ki sa takunkumi, ki goge bakin robar sosai da sinadari, ki bari ya bushe kafin ki jona. Idan majinyaci ya fara rawar sanyi ana tsaka da wanki, kada ki ce zazzaɓin sauro ne, ki sanar da likita nan take.

Ke ma ki kammala allurarki ta rigakafin nau'in B, guda 3 cikin wata 6, ki kawo mini katin in gani.