Ana ciniki amma kanta tana ramewa: ina kuɗin shagon ke shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon tireda a Ƙofar Ƙaura cikin birnin Katsina. Alhamdu lillahi ana ciniki tun safe har bayan isha'i, amma duk ranar da zan tafi sari sai in ga kuɗin ba su isa in cika kanta kamar da ba. Har na fara zargin yaron shagona. Ina neman shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya sanya albarka a nema. Ka dakata da zargin yaron nan tukuna, don ɗora wa mutum sata ba hujja abu ne mai nauyi, kuma sau da yawa ta hannun mai shagon kuɗin suke zurarewa bai ankara ba.

Wurin da na fi so ka duba shi ne yadda kake yanka farashi. A ce ka saro katan ɗin taliya mai guda 20 a kasuwar Singa ta Kano a kan naira 18,000, kuɗin mota da na dako suka ci 500. Ka sayar da kowace ɗaya 1,000, ka tashi da 20,000, ranka ya ba ka cewa ka ci ribar 1,500, har ka taɓa ta ka yi cefane. Da ka koma sari sai ka tarar katan ya koma 19,800. In ka ɗora kuɗin mota, 20,300 ke nan, wato ko da ba ka taɓa ko sisi ba, kuɗin katan ɗaya ba za su sake sayo katan ɗaya ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, naira kuma ta yi ƙasa, wannan ne ya cinye jarin ƙananan 'yan kasuwa da yawa alhali suna ganin ciniki na tafiya. Don haka ka riƙa yanka farashi bisa abin da za ka biya in ka koma sari, kana kiran dilanka a waya kana jin yadda kasuwa take. Adalci kuma shi ne in kaya suka sauka kai ma ka sauke da wuri, kada su yi maka kwantai.

Sai hannun da ke shiga durowa. Kuɗin cefane, kuɗin makarantar yara, gudummawar biki, sabulu da sukarin da ake ɗauka a kai gida, duk daga uwar kuɗi suke fita in ba a rubuta ba. Ka yanka wa kanka albashi na mako ko na wata, ka tsaya a kansa. Abin da aka ɗauka don gida, ko gwangwanin madara ne, a rubuta shi da farashinsa. Asusun da ke karɓar kuɗin POS da tiransifa ya zama na shago kaɗai, kuma kada kaya su fita sai ka ga kuɗin sun shiga da idonka, don alat na bogi ya yi yawa. Haya, wuta, man janareta da haƙƙin yaro a ware su kafin a kira wani abu riba.

Bashi kuwa hanji ne, yana cikin kowa, kuma mai shago a unguwa ba zai iya rufe ido ga maƙwabci ba. Amma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, saboda haka babu kunya a ajiye littafi. Kowa da shafinsa, da iyakar da ba zai wuce ba, da ranar biya. Wanda bai biya na baya ba, ka ba shi haƙuri da fuska a sake.

Ƙarshen kowane wata ka rufe shago da wuri ka yi ƙidaya. Ka haɗa darajar kayan da ke kanta a farashin sari, da tsabar kuɗi, da na asusu, da bashin da kake da tabbacin za a biya, sannan ka cire abin da diloli ke bin ka. Abin da ya rage shi ne jarinka na gaskiya, ka gwada shi da na watan jiya. Lissafin zai taimake ka ranar fitar da zakka, kashi ɗaya cikin arba'in idan dukiyar ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo.

Idan bayan wannan har yanzu akwai giɓi, to a nan ne za a duba yaron. Ka zaɓi kaya biyar masu saurin fita, ku ƙirga su tare da safe, ku sake ƙirgawa da dare, ku gwada da kuɗin da suka shigo, har mako guda. Ka gaya masa sabon tsarin shago ne da ya hau kan kowa har da kai, kuma ka duba ko abin da kake ba shi yana isar sa.